Wasan Gawa a Gidan Dokta Kato

Dokta Evans Kato ya ƙare ƙuruciyarsa da rabin tsufansa yana koya wa ɗalibai yadda yara ke koyo ta hanyar wasa, amma a duk Tudun Wada ba wanda zai rantse ya taɓa ganinsa yana wasa. Shi bai ga abin mamaki a ciki ba. Ya ce mai nazarin kifi ba sai ya zauna cikin ruwa ba.

Masana wasan yara, kamar yadda ya saba faɗa a aji, gida biyu ne. 'Yan gida na farko sun ce a ba yaro yashi da ruwa da 'yan katakai, a koma gefe a kama baki. Yaro da hannunsa zai gano duniya, kuma duk abin da babba ya yi saurin koya masa, ya hana shi ganowa ne. 'Yan gida na biyu sun ce a'a, babba ya tsuguna ya shiga wasan, ya ɗan tallafi yaro har ya kai inda ba zai kai shi kaɗai ba. Dokta Kato ɗan gida na farko ne na gasken gaske. Abokin aikinsa Dokta Nagoda ɗan gida na biyu ne, kuma saboda haka suka yi shekaru ba sa shan shayi a teburi ɗaya. Da suka yi ritaya Nagoda ya koma Kano wajen 'ya'yansa, ba a bar kowa a Zariya da zai yi wa Dokta Kato musu ba. Da fari ya ɗauki wannan a matsayin nasara, kafin ya ga yadda nasarar ke ƙara wa yini tsawo.

Matarsa Edith ta rasu bara da damina. Ita ce ta san sunan kowane yaro a layin, ita ke gaisawa da maƙwabta ta kan katanga, ita ake zuwa gani, shi kuma a gaishe shi a kan hanyar shiga. Bayan jana'iza matan zumuntar coci suka yi ta kawo abinci, sai suka rage, sai suka daina, ba don mugunta ba, sai don wasu ma sun mutu a bayanta. Gidan ya koma shi da rediyo da bishiyar gwaiba. Yakan dafa shinkafa da safe ya ci har dare.

Ana cikin haka autarsa Angela ta zo wata ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. Nas ce a asibiti, mijinta Charles kuma an yi masa canjin aiki zuwa Lokoja. Ta zo da 'yarta Dinah, mai shekara huɗu, wadda ta tsaya a bakin ƙofa tana duban kakanta kamar mai duban kabad.

"Baba, makarantarsu da rana tsaka ake tashi, ni kuma sai yamma nake barin aiki," in ji Angela. "Akwai wata makaranta a Hanwa da ke riƙe yara har yamma. Na je na gani, ba laifi. Amma na ce bari in fara tambayarka."

"A Hanwa? Su waye malaman? Wa ya horar da su?"

"Ban tambaya ba, Baba. Na ga dai suna da famfo da inuwa."

"Ki kawo ta nan."

"Za ka iya? Mama ce ta saba da ita."

"Angela, a kan wannan fannin aka ba ni digiri na uku."

"Na sani, Baba. Ai ina wurin." Ta gyara ɗankwalinta. "Mu gwada zuwa Kirsimeti. In ba ta saba ba, sai in kai ta can."

Dokta bai nuna komai a fuska ba, amma tun kafin su kai titi ya fara lissafin abin da za a tanada. Ya sa aka juye masa baro guda na yashi a gindin gwaiba. Ya je wajen kafinta a Gyallesu ya tsinto guntayen katako ya goge su da kansa. Ya wanke gwangwanayen madara, ya tara marafan kwalba, ya cika baho da ruwa. Daga nan ya ɗauko kujerarsa ya ajiye a baranda, nesa kaɗan, inda zai ga komai ba tare da inuwarsa ta faɗa kan wasan ba.

Ranar Litinin mai keke napep ɗin da Angela ta yi wa magana ya sauke Dinah. Ta ci shinkafa, ta fito tsakar gida, ta dubi yashin, ta dubi bahon, ta dubi kakanta.

"Kaka, wa zai yi wasa da ni?"

"Ke za ki yi."

"Kai fa?"

"Ni ina kallo."

"Kallo ba wasa ba ne."

A ilmance maganarta daidai ce, don haka bai musa ba. Ta zuba yashi a gwangwani ta juye, ta sake zubawa ta juye. Dokta ya gyaɗa kai, ya gane matakin: wasan kaɗaici, yaro na gwada nauyi da cika. Ta jefa katako biyu cikin ruwa. Sannan ta share hannunta a riga, ta tafi bakin get ta zauna a kan dakali tana jiran uwarta, alhali rana ko karkatawa ba ta yi ba.

Haka aka yi washegari, haka aka yi har mako ya ƙare. Dokta ya gaya wa kansa cewa zaman dakali ma wani nau'in bincike ne.

"Ta ce wai ba kowa a gidan Kaka," in ji Angela ranar Juma'a, tana saka wa yarinyar takalmi.

"Ina nan duk yinin."

"Na gaya mata haka." Ba ta ɗago ba. "Masu makarantar Hanwa sun ce har yanzu akwai gurbi."

Da suka tafi ya daɗe a baranda bai kunna rediyo ba. Ya lura cewa ko zaman da yarinyar ke yi a dakali, tana ba shi baya, ya fi babu. Akwai wani da ake dafa wa abinci. Akwai ƙaramin kofi da ake wankewa.

A mako na biyu Dinah ta shiga ɗakin marigayiya, wanda ba ya kullewa kuma ba ya shiga, ta fito tana jan farin zanen gado a ƙasa. Ta tsaya a gabansa.

"Kaka, ka mutu."

"Na'am?"

"Ka kwanta a nan. Ka mutu. Ni zan binne ka."

Dokta ya yi nazarin buƙatar ta kowace fuska. Yarinya ce ta kawo shawara, ba shi ba. Ba a nemi ya koyar da komai ba, ko ya gyara, ko ya yi magana. A duk matsayin da babba zai iya riƙewa cikin wasan yaro, wannan kaɗai ne bai saɓa wa ko layi ɗaya na abin da ya koyar ba. Ya cire tabarau, ya shimfiɗa tabarma a falo, ya kwanta ya haɗe ƙafafu.

Ya san inda ta samo abin. Ranar jana'izar Edith, jikoki sun yi abin da jikoki ke yi in tsohuwa ta tafi: babbar cikinsu ta ɗaura zanen marigayiya, ta maƙala tabaranta, tana tafiya irin tata tana yi wa mutane faɗa a kan gishirin miya, jama'a na dariya da hawaye a fuska. Dinah na goye a bayan uwarta tana kallon komai. Shi ma ya kalla a ranar, har ya sama wa abin suna a zuciyarsa, daga babi na shida na littafin da yake koyarwa da shi.

Dinah ta rufe shi da zanen har wuya. Ta jera kujerun cin abinci, ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Sannunku da zuwa. Ya haƙuri? Sai haƙuri. Ku matsa, Rabaran zai wuce."

Ita ce Rabaran, ita ce matan zumunta, tana buga gwangwanin madara tana rera waƙar coci da kalmomin da ta ƙirƙira. Ita ce kuma mai rabon abinci, marafan kwalba ne nama, kuma ta kama wata kujera ta ɗauki biyu. Sannan ta hau kan akwatin littattafai ta yi jawabi.

"Marigayi yana da littattafai da yawa. Ba ya magana. Shinkafarsa tana caɓewa. Shi ke nan. Wa zai yi kuka?"

Kujeru ba su yi ba.

"To ni zan yi kaɗan," in ji ta, ta yi kaɗan.

Dokta ya halarci jana'izar abokan aiki da dama, kuma a ganinsa wannan jawabin ya fi yawancinsu gaskiya. Yana cikin wannan tunani ya ji ta durƙusa kusa da kansa. Ta ɗebo man shafawa a yatsa ta shafa masa a goshi, a hankali, kamar yadda uwarta ke yi mata da safe. Ta gyara masa gira. Ta sa tafin hannunta ta rufe masa idanu, ko da yake a rufe suke. Hannun ɗumi gare shi, yana ƙanshin gwaiba. Rabon da wani ya taɓa fuskar Dokta tun Edith na da rai. Abin da ya samu tun daga nan musafaha ce, ita ma ta 'yan gaisuwa.

"Kada ka tashi sai na ce," ta raɗa masa.

Bai tashi ba sai da ta ce.

Daga ranar aka daina zaman dakali. Kaza ta mallake yashin gindin gwaiba. Dinah na sauka daga keke za ta shigo da gudu tana kiran, "Kaka, ka ci abinci da sauri, yau da mutane da yawa!" Jana'izar ta riƙa bunƙasa. Aka samu motar ɗaukar gawa, aka samu wata gwaggo daga Kafanchan da kullum take makara, aka samu mai ɗaukar hoto. Dokta, daga ƙarƙashin zane, yana bin komai da kunne: jimlolinta sun ƙara tsawo, ta fara tsara abu kafin ta yi shi, ta fara ƙirga kujeru ba ta tsallake ko ɗaya. Duk abin da ya faɗa a aji yana faruwa a falonsa. Ya yi tunanin buga wa Nagoda waya ya gaya masa, sai ya tuna dole ya bayyana inda yake kwance lokacin da ya gano hakan, ya fasa.

Ya fara aske gemu da rana maimakon da safe. Wata rana ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, don Dinah ta ce ba a binne mutum da singileti. Kuma kowace rana, tun daga waƙar farko, jiran wuri ɗaya yake yi, inda za ta sauko daga akwatin littattafai ta buɗe kwalbar mai.

Angela ta ga canji ta ji daɗi. "Me kuke yi ne haka da ba ta son tafiya gida?"

"Wasan kwaikwayo ne irin na wakilci, wanda a wannan shekarun..."

"To madalla, Baba," in ji ta, tana neman ɗayan takalmin.

Wata Laraba cikin Nuwamba aka sallami su Angela da wuri. Ta biya ta sayi lemo da burodi, ta tura get ba ta ƙwanƙwasa ba. Tun daga baranda ta ji waƙar jana'iza. Ta ɗaga labule ta ga mahaifinta miƙe a ƙasa cikin baƙar kwat, an rufe shi da farin zane har ƙirji, hannuwa a haɗe, goshi na ƙyalli, 'yarta kuma na tsaye a kansa.

Ledar ta faɗi, lemo ya gangara ƙarƙashin kujeru.

"Baba! Baba!"

Dokta ya ji ta sarai. Amma Dinah ba ta ce ya tashi ba, kuma ba a kai wajen man shafawa na biyu ba, wanda aka ƙara a 'yan kwanakin nan. Ban da haka, ya sha gaya wa ɗalibai cewa babban laifi shi ne babba ya fasa wa yaro duniyar da ya gina saboda wani babba ya shigo. Ya ce a ransa bari ya ba yarinyar dama ta rufe wasan da kanta. Numfashi uku ne ko huɗu, ba su fi haka ba.

Cikin waɗannan numfashin Angela ta zube a gwiwa, ta fizge zanen, ta danna yatsu biyu a wuyansa tana kiran sunan Yesu. Hajiya Rauda ta gidan kusa ta ji ihun, ta leƙo ta kan katanga tana salati.

Dokta ya buɗe ido. "Sannu da dawowa. Yau da wuri?"

Angela ta zauna daɓas a kan siminti. Ta dube shi, ta dubi zanen. Ta miƙe ta fita ta ce wa Hajiya ba komai, Baba ne ke wasa. Hajiya ta ce, "Dokta? Wasa?" ta sauka daga kan turmin da ta taka. Angela ta tura Dinah tsakar gida ta ɗebo gwaiba, ta dawo ta tsaya a kansa. Yana zaune a tabarma yana laluben tabarau.

"Ka ji ina kiranka."

"Na ji."

"Me ya hana ka amsawa?"

"Wasan bai ƙare ba."

"Wasan bai ƙare ba." Ta maimaita a hankali, kamar mai karanta sunan magani. "Bara na wanke uwata da hannuna, Baba. A wannan gidan. Da wannan zanen aka rufe ta."

Bai san da wannan zanen aka rufe ta ba. Lokacin yana waje yana karɓar gaisuwa.

"Ki zauna in yi miki bayani," in ji shi. Ya yi bayanin kuwa, kuma bayani ne mai kyau. Ya ce yaro ba ya iya riƙe abu mai girma kamar mutuwa a cikin kansa, sai ya fito da shi waje ya juya shi da hannu. Ya ce maimaitawar ita ce maganin, kuma a wasa yaro ne ke da iko da abin da a zahiri ya fi ƙarfinsa. Ya ce masana na gida biyun, duk da saɓaninsu, sun yarda da wannan. Ko Nagoda ba zai musa ba.

"Wataƙila haka ne," in ji Angela. "Shekaranjiya a keke ta tambaye ni wai in na mutu wace riga nake so. Na ɗauka a makaranta ta ji."

"Alama ce mai kyau. Tana nufin..."

"Baba, tsaya." Ta share fuska da gefen ɗankwali. "Ni ma a waccan barandar na girma, kana kan kujera kana kallona. Ban ce ka cuce ni ba. Amma yau ina roƙonka abu ɗaya. Ka gaya min dalilin da ya sa kake so ta riƙa zuwa nan. Ba na littafi ba. Naka."

Amsar na nan, a goshinsa ma take, bai ko goge ta ba. Gajeriya ce, ba ta kai jimla biyu ba. Dokta ya dube ta, ya ga girman abin da za a ce dattijo mai digiri uku ya furta a gaban 'yar da ya haifa, yana zaune a tabarma cikin kwat ba takalmi. Ya gyara murya.

"Bincike ya nuna cewa yawan sauya wa yaro mai kula da shi a wannan matakin yana iya kawo..."

"To, Baba."

Ta tsince lemon ɗaya bayan ɗaya ta jera masa a kan teburi. Ta ninke zanen ta sa a jakarta. Ta kira Dinah ta saka mata takalmi. A bakin ƙofa yarinyar ta waiwayo ta ga kakanta a tsaye, ta ɓata fuska.

"Kaka, ban ce ka tashi ba."

"Gobe ma ƙarasa," in ji shi.

"Za mu zo ran Lahadi," in ji Angela. "Mu duka, mu ci abinci. Ni zan dafa."

Sun zo ran Lahadin, da wadda ta biyo baya. Angela na zaune a falo duk tsawon ziyarar, Dinah na kallon katun a wayarta, kuma kowa ya yi ladabi.

Ana saura kwanaki a yi hutun Kirsimeti, Dokta ya aske gemu da rana, ya hau keke napep zuwa Hanwa, inda aka mai da Dinah. Bai gaya wa kowa ba. Makarantar na da famfo da inuwa, kamar yadda aka faɗa, katangarta kuma gajeriya ce, ana ganin fili daga titi. Ya tsaya a gindin wata dalbejiya.

Bai sha wahalar gano ta ba, muryarta ta fi ta kowa. An jera benci biyu an yi mota. Wani yaro ne direba, yana tuƙi da murfin bokiti, Dinah ce kwandasta, tana rataye a gefe tana kiran, "Kwangila! Kwangila! Saura mutum ɗaya!" Yara biyar ko shida, kowa da aikinsa, suna gardama a kan ƙa'ida suna shiryawa. Wasan haɗin gwiwa ne cikakke, wanda a lissafinsa sai ta kusa shekara biyar za ta kai. A bencin baya wata malama ce zaune, babbar mace, ta takure gwiwoyi, tana rungume da jaka tana ƙorafin an cika mota da yawa. Ko ba a tambaya ba, ya san gidan da aka horar da ita, na su Nagoda ne.

Maigadin makarantar, wani dogo mai carbi, ya taso ya zo.

"Baba, sannu. Wani kake nema?"

"Jikata ce a ciki. Waccan, kwandastar."

"Au, Dinah! Ai ita ce shugabar tasha. A kira maka ita?"

Dokta ya dubi motar. Dinah ta buga gefen benci sau biyu, direba ya ja, fasinjoji suka karkata gaba ɗaya kamar an sha kwana, malamar ta yi ihun a yi a hankali.

"A'a," in ji shi. "Kada ka katse musu."

"To Baba, sai dai ka yi haƙuri ka ɗan matsa gaba. Iyaye ba sa son ganin mutum tsaye yana leƙen yara."

Dokta ya ce wannan tsari ne mai kyau, ya yaba wa makarantar a kansa. Wani mai keke ya rage gudu ya yi masa hon, ya ɗaga masa hannu ya wuce. Da ƙafa ya kama hanyar Tudun Wada, ta bakin titi, yana kauce wa 'yan acaɓa, tunda da sauran rana sosai.